Sunana a Bakin Asabe

Wata Baturiya ce ta tono min wannan magana, a ɗakin gashin ƙashi na wani asibiti a Dubai, ina kwance da gwiwata a kumbure. Ta shigo da katina a hannu, ta duba, sannan ta ɗago ta kira ni da sunana na yanka. Ba irin karatun ma'aikatan filin jirgi ta yi masa ba, masu haɗa shi da na mahaifina su jero kamar lambar mota. Kira ta yi, har da ɗan ja a ƙarshe, sai ka ce unguwa ɗaya muka taso. Na waiga ina neman mai sunan. Autata, wadda nake zaune a gidanta a Karama, ta taɓa ni ta ce, "Mama, da ke ake." Ita kanta sai da ta sunkuyar da kai, don tunda na haife ta ba ta taɓa jin an faɗe shi gatsau a gabana ba.

Sunan kakata aka sa min, wadda ta haifi babanmu. Duk wanda ya san gidajenmu na da ya san abin da ke biyo baya. An yanka rago, an faɗi sunan sau ɗaya a zaure, daga nan aka rufe shi ruf. Babanmu ba zai kira sunan uwarsa ba, innarmu ba za ta kira na surukarta ba, yayyena suka bi sahu, sai aka ce Uwani. Da na yi aure na koma Amarya, har na haifi uku ana ce min Amarya, daga nan Maman wane, sai Hajiya, yanzu kuma Kaka. Mijina, Allah ya ji ƙansa, "ke" kawai ta ishe shi har muka rabu. Ni kaina har yau bakina nauyi yake yi in zan faɗe shi. Duk duniya mutum ɗaya ce ta taɓa kirana da shi don ni, kuma ni da hannuna na yi abin da ya sa ta daina. Abin da nake so kafin in bar duniya bai wuce in sake jin sa a bakinta ba, amma sai da na kwanta a gadon Baturiyar nan na yarda cewa ina so.

Jeni sunanta. 'Yar Sikotland ce, ta kuma gargaɗe ni cewa in ina son gwiwata ta warke lafiya kada in kuskura in ce mata 'yar Ingila. Ga surutu. Tana murza min ƙafa tana zuba, autata na fassarawa. Da aka yi mata bayanin abin da ya sa na waiga, ta riƙe baki, ta ce ita matsalarta akasin tawa ce, don a ƙasarsu babu abin da ba a laƙaba wa sunanta ba. Akwai wani ɗan tsuntsu ƙanƙani mai launin ƙasa, Jeni ne. Akwai wani ƙwaro kamar ƙaton sauro, Jeni mai dogayen ƙafafu. Shanshani ma Jeni mai ƙafa ɗari, sai dai in ka matsa wani garin ka ji ya ɗauki sunan wata macen daban, don kowane yanki da irin bakinsa. Ɗan kantin da tsohuwa ke sayar da komai, daga allura har alewa, kakarta Jeni mai komai take ce masa. Ta ce tana yarinya har kuka ta yi a makaranta saboda ƙwaron nan. Tana ƙorafi tana dariya, ni kuwa ina kwance wani abu na taso min a ƙirji wanda na san shi sarai, don mun daɗe tare. Kishi ne. Tsofai-tsofai da ni, Allah na tuba, ina kishin mace don an sa wa shanshani sunanta. Na ce da autata, "Gaya mata ta gode wa Allah. Ko a kan ƙwaro ne, ai ana faɗa."

Garinmu a kan layin dogo yake, da usur ɗin jirgi muke sanin lokaci. Na safe in ya yi kuka ba ki gama shara ba, kin shiga uku da innarmu. Daga nan sai lugude ya ɗauka gida-gida, guga na bugun bangon rijiya, masu tallan koko na wucewa, kuma a saman duk wannan ana ta kiran mutane. Abin da na fi kewa ke nan a garin nan. A da kira ake yi, uwa ta tsaya tsakar gida ta ɗaga murya ta tsallake katanga uku, maƙwabta su karɓa su miƙa gaba har ya iske yaro a bakin kasuwa. A nan kuwa ba a kiran kowa, sai dai waya ta yi ƙara a aljihu. Muna hawa na bakwai, ba ka jin komai sai gurnanin na'urar sanyi, jirgin nasu ma sulalewa yake yi a kan gada ba ko tari. Surukina dai yakan kira autata da sunanta daga falo, a gabana, ko kunyar idona ba ya ji. Da farko haushi nake ji, daga baya na gane ba rashin kunyar tasa ce ke ci min rai ba.

A unguwarmu sunan da aka fi kira shi ne Asabe. Babanta ma'aikacin reluwe ne, baƙi ne, suka kama haya a gidan da ke jikin namu. Sunan rana ne fa kawai, ko kaza ba a yanka masa ba, amma tun asuba yake tashi. Asabe ɗebo ruwa, Asabe kawo ƙosan ahu, Asabe fito mu tafi. Ina kwance a ɗakin kakata ina jin sa yana tsallako katanga. Yarinya ce mai faɗin goshi da wushirya, ba ta iya magana a hankali ba. Ranar da muka fara haɗuwa a rijiya ta tambaye ni sunana, na ce Uwani. Ta ce, "Uwar wa? 'Ya'yanki nawa? Ni abin da aka raɗa miki nake tambaya." Na duba hagu da dama, na kai bakina kunnenta na faɗa mata. Washegari da hantsi, babanmu na zaune a zaure da baƙi, ta tsaya a ƙofar gida ta rangaɗa shi iya ƙarfinta. Gidan ya yi tsit. Sai ga muryar kakata daga ɗaki, "Na'am. Wace marar kunyar ce?" Babanmu ya miƙe zai ci mutuncin 'yar mutane, tsohuwar ta fito tana dariya har da riƙe ciki, ta ce, "Ku ƙyale ta. Ni ma na gaji da riƙe shi ni kaɗai." Tun daga ranar Asabe ba ta sake ce min Uwani ba, kuma tana da wani ja da take yi masa a ƙarshe wanda ko a cikin kasuwa na ji na san ni ake nema.

Wurin kakata na koyi kitso. Takan zauna a kujera 'yar tsugunno da kibiya da kaskon man shanu, ni ina gefe ina miƙo mata, har hannuna ya faɗa. Abin da take yawan gaya min shi ne, kan da aka ɗora a cinyarki amana ne, ƙwarƙwata kika gani ko ƙurji ko furfura, a cinyar zai tsaya. Da Asabe ta fara ɗora min nata na gane abin da ya sa ba ta cire ɗankwali ko a wurin gaɗa. Tana rarrafe ta faɗa murhu, ya bar mata tabo a bayan kunnen hagu, faɗin tafin jariri, sumul, gashi bai sake tsirowa a wurin ba. Ta ce, "Kin gani ko? To rufe min baki." Na ce ba baki kaɗai zan rufe ba. Kwana uku ina kitsawa ina tsefewa, tana kukan zafi tana zagina. A ƙarshe na bar miƙe tsaga daga goshi zuwa ƙeya yadda kowa ke yi, na karkatar da ita, na jawo gashin dama ya kwanto hagu, manyan layi uku suka haye kan tabon suka haɗu a ƙarƙashin kunne kamar bakin kwando. Ranar ta fita dandali kai a buɗe, tana tafe tana juya wuya.

Kafin sati ya zagayo 'yan mata sun cika mana tsakar gida. Kowacce ta zauna tsakanin ƙafafuna, ta ɗora kai a cinyata, ta ce, "Uwani, irin na Asabe za ki yi min." Irin na Asabe ya koma kitson Asabe, kitson Asabe ya koma asabe kawai. Matan da ke sauka a tasha suka gani suka tafi da shi garuruwansu. Mai kalangun dandali ya sa sunan a kiɗa, da ya hango ta sai ya canza hannu, 'yan mata su buɗe mata fili. Ni ina tsaye a baya da yatsu masu tsami, suna warin man shanu. Kada in yi mata ƙarya, ba ta taɓa ɓoyewa ba, duk wanda ya tambaya takan nuna ni ta ce ga mai hannun nan. Amma mutane abin da ido ya gani suke sa wa suna. Kuma da me za a kira shi? Nawa na gaskiya ba mai iya faɗa, Uwani kuwa mu huɗu ne a layinmu. Na taɓa yi mata ƙorafi, ta yi dariya ta ce, "To in ɗauki gwangwani in zaga gari ina shela?" Ita wasa take yi, ni kuwa na kwana uku ban ci abincin kirki ba.

Jajiberin ƙaramar Sallah Asabe ta zo kitso da la'asar, ita ce ta ƙarshe. Ta gaji da aikin tuwon Sallah, ina cikin tsaga na ji kanta ya yi nauyi a cinyata, ta yi barci. Ban shirya ba, wallahi ban kwana da niyyar ba. Na dai tsinci kibiyar ta matsa sama da faɗin yatsa biyu, ban kuma dawo da ita ba. Layi ukun suka bi ta saman tabon suka bar shi a fili, har ma suka zagaye shi kamar an yi masa ado. Madubinmu ɗan ƙarami ne, gaba kawai yake nunawa. Da ta farka ni na ɗaura mata ɗankwali da hannuna, na ce kada ta cire sai a dandali don kada ya tashi. Ta kira sunana ta ce Allah ya bar mu tare.

Ranar Sallah bayan la'asar dandali ya cika. Mai kalangu ya hango ta ya canza hannu, aka buɗe fili, ta shiga tsakiya ta zare ɗankwalin ta ɗaura a ƙugu. Waɗanda ke bayanta suka fara yin shiru, sai wata ta ƙyalƙyale, sai wani saurayi ya ce ashe ƙwarya ake rufewa. Dariya ta zagaye filin. Na ga hannunta ya tafi bayan kunne a hankali, ya taɓa, ya tsaya. Ba ta yi kuka ba, ba ta gudu ba. Ta kwance ɗankwalin ta mayar kanta, ta ɗaura shi tsaf, ta ratso mutane har inda nake. Na zaci mari ne, na ma fi son marin. Ta dube ni ta ce, "Sannu da aiki, Uwani."

Ba ta yi gaba da ni ba. In mun haɗu a rijiya takan ce ina kwana Uwani, ta ɗauki tulunta. Kakata kuwa ta karɓe kibiyarta ta sa a ƙarƙashin matashi, ba ta sake ba ni ba har ta rasu. Kafin babbar Sallah aka yi wa baban Asabe canjin wurin aiki zuwa Nguru. Duk unguwa aka raka su tasha ban da ni, ina madafa ina hura wutar da ta riga ta kama lokacin da jirgin ya yi usur. Kitson kuwa ko gezau bai yi ba, aka ci gaba da yin sa ana kiran sunanta. Ban taɓa tambayar labarinta ba, shekara fiye da hamsin, wai ni mai zuciya.

Bayan maganar Jeni da 'yan makonni na raka jikata kitso unguwar Muraƙƙabat. Wani gida ne da aka raba falonsa da katako, wata 'yar Maraɗi ke kitso a ciki, 'yan kasuwa mata na zaune a kan ƙullin kayan da suka sayo a kasuwar Murshid suna jiran layi, ana ta zancen biza da kago, wato aika kaya gida. Mai kitson ta zaunar da yarinyar ta ce, "Bon, shuku za a yi ko asabe?" Na ce, "'Yar nan, ina kika samo wannan sunan?" Ta ce, "Haka muka taso muka ji, Inna. Sunan kitso ne kawai." Na zuba ido tana yi. Ta karkata tsagar daidai, amma layi na uku ta yi shi siriri, don ba ta san aikin da aka ɗora masa ba. Ban san lokacin da na karɓe kibiyar ba. Na tsefe, na sake ɗora shi da kaurinsa, yatsuna ba su manta ba. Na ce, "Haka yake. Ni na fara yin sa." Ɗakin ya ɗauki dariya, irin wadda ake yi wa tsohuwa in ta fara ruɗewa. Wata Hajiya mai sarin abaya ta ce, "Haba Hajiya, khalas, bar wannan maganar. Mai kitson tana nan da ranta a Nguru, layinsu ɗaya da yayata. Asabe 'yar reluwe, kowa ya san ita ce. Sai dai tana jin jiki sosai, an ce ko tashi ba ta yi." Da ta ga yadda fuskata ta koma, ta daina dariya, ta nemo lambar babbar 'yar Asabe a wayarta ta rubuta min a bayan takardar kago.

Na dawo gida da abu biyu, an ce tana jin jiki, an kuma ce kowa ya san ita ce. Ina jin kunyar faɗa, amma na biyun ne ya fi zama min a rai. Na sa takardar cikin littafin addu'o'ina. Kullum bayan walaha in ɗauko in duba in mayar. Yau in ce gwiwa ta matsa min, gobe in ce bari a yi albashi in haɗa mata da turare, jibi in ce ai zan je gida da kaina, gara a yi ta ido da ido. Gaskiyar ita ce ina tuna tana can cikin mutanenta, sunanta ya ƙetare har Maraɗi har Dubai, ni ina saman bene ana ce min Kaka, sai in ji ba zan iya zama mai fara sallama ba. Ana haka cutar nan ta korona ta zo, aka rufe gari, jirage suka tsaya. Gashin gwiwa ma aka dakatar, na daina jin ko na bakin Jeni. Titin Karama da ba ya rabo da mutane ya koma fayau. Kullum sai an aiko da rasuwa daga gida, duk sa'o'ina, ɗaya bayan ɗaya. Wata safiya aka faɗi ta wata da muka yi gaɗa tare, na ajiye kofin shayi na ce da jikata ta danna min lambar nan.

Mace ce ta ɗauka, murya babba, na ji wushiryar uwar a cikinta. Na yi sallama na ce Asabe nake nema.

Ta ce, "Allah ya yi wa Inna rasuwa, yau kwana tara. Wa ke magana?"

Na yi salati, na yi mata gaisuwa. Na ce Uwani ce, ƙawarta ta ƙuruciya, maƙwabtansu kafin su koma Nguru.

Ta ce, "Uwani. Ki yi haƙuri Mama, ban gane ba. Ba ta taɓa ambaton wata Uwani ba."

Jikata na tsaye tana kallona. Na juya mata baya, na fuskanci taga, na buɗe baki na faɗi abin da rabona da faɗa tun a bakin rijiya. Na ce, "Rakiya ce."

Na ji ta ja numfashi. Ta ce, "Mai kitso? Mama, ni ma Rakiya ce. Sunanki aka sa min."

Na nemi bakin gado na zauna. Ta ce ita ce 'yar fari, kuma duk Nguru an san uwarta da abu ɗaya, ta ƙi yi wa 'yar fari alkunya. Dangin miji sun yi faɗa, maƙwabta sun yi gulma, ta ce sunan nan an rufe shi a ɗaki ya isa haka, ita a tsakar gida za ta riƙa faɗar sa. Tun asuba take farawa, ta tsallake katanga uku da shi, har da wani ja a ƙarshe.

Ta ce, "Har da ta kwanta ciwon nan ba ta daina ba. Wani lokaci ina zaune a gefenta ta kira, in ce na'am, sai ta ce ba da ke nake ba."

Ban san yadda muka yi sallama ba. Na dai san takardar kagon ta yi wata huɗu a cikin littafina, Asabe kuwa kwana tara da rasuwa. Na yi zaton in na tsufa kishi zai sake ni, ashe wuri kawai yake canzawa. Yanzu ba na kishin Asabe, ba na kishin Jeni da ƙwarinta. Wata mata nake kishi a Nguru, mai jikoki ita ma, wadda ta shekara hamsin tana amsa kirana.

Ina nan zaune jikata ta leƙo ta ce, "Kaka, an zuba abinci." Na ce na'am.